Ƙaiƙayin Kai a Bazara: Amsa ga Wata Uwa da Wani Ɗan Kabu-kabu daga Damagaram

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce a unguwar Birni. Tun da zafi ya shigo kaina yake ƙaiƙayi, har ina susa da tsinken tsifa, kuma wani farin gari yana zubo mini a kafaɗa. Nakan bar kitso mako huɗu saboda wahalar ruwa, ina kuma shafa man shanu a tsaga duk bayan kwana biyu. Ɗana mai shekara 7 gashinsa ya zube a wuri biyu, ƙanwarsa mai shekara 5 ita ma ta fara susa. Maƙwabciyata ta ce in gauraya fiya-fiya da man gyaɗa in shafa mana duka. Mece ce shawararki? — Wata uwa, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam, ƴar uwa, Allah ya ba ku lafiya. Kafin komai ina roƙonki da ki yi watsi da maganar fiya-fiya. Gubar kashe ƙwari ce, tana ratsa fata ta shiga jini, ta fi kuma saurin shiga inda susa ta yi rauni, kuma abin da babba zai iya jurewa yana iya kai yaro ga dalalar miyau da amai da sarƙewar numfashi, har ma ga rasa rai. Haka nan kananzir, wanda yake ƙona fata, kuma yana kama wuta idan mutum ya matso murhu. Na san maƙwabciyarki alheri take nufi, amma wannan shawara ba ta ɗaukuwa.

Abin da na lura da shi a wasiƙarki shi ne kin ɗauki susar mutum uku a matsayin ciwo ɗaya, alhali bisa bayaninki akwai alamar ciwo uku ne mabambanta, kowanne da maganinsa. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40 a Damagaram, yana tayar da su ne kawai yana ƙara musu ƙarfi. Gani ya kori ji: ki zaunar da kowa a hasken rana, ki tsaga gashi, ki dubi fatar da idonki.

Naki ya fi kama da amosanin kai. A fatar kan kowane baligi akwai wata ƙwayar halitta dangin yis, ana kiranta Malaseziya, wadda take rayuwa da maiƙon da fata take fitarwa. Idan gumi ya haɗu da maiƙo a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi tun daga hantsi har la'asar, sai ta samu ɗumi da laimar da take so ta yawaita, fata ta fusata ta riƙa saɓa da sauri, wannan saɓar kuwa ita ce farin garin da kike gani. A nan ne mata da yawa suke yin kuskuren da ba laifinsu ba ne, domin haka muka tarar da iyayenmu suna yi: da zarar an ga garin sai a ce kai ya bushe, a ƙara masa mai. A hunturu ana iya samun bushewa ta gaskiya, amma a bazara man shanun da kike zubawa a tsaga abinci ne kike ƙara wa ƙwayar, ga shi kuma yana riƙe ƙura. Ki shafa manki ko man kaɗe a jelar gashi domin kada ya karye, ki bar fatar ta huta.

Ki tsefe kitson, ki nemi shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin 100 a farmasi. Ana shafa shi a fatar kai, a murza da tafin yatsu ban da farce, a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, sau biyu a mako har tsawon mako 2 zuwa 4. Yawancin masu cewa maganin bai yi musu aiki ba, ɗaurayewa suke yi nan take. Amosani kan dawo, saboda haka bayan ya lafa ki ci gaba da amfani da shamfun sau ɗaya a mako ko a mako biyu har damina ta sauka.

Ban raina maganar ruwa ba. Duk wanda ya taɓa jiran ɗan garuwa a Damagaram cikin bazara ya san darajar jarka ɗaya, kuma ba zan ce wa uwa ta wanke kai kullum ba alhali na girki bai wadata ba. Sai dai wanke fatar kai bai kai wanke tufafi cin ruwa ba, buta biyu ko uku sun isa idan ana zubawa a hankali daidai kan tsaga. Ki yi kitso manya-manya marar tsauri, kada ya wuce mako biyu, domin kitson da yake ɗage gira yana jawo ƙuraje a bakin gashi, daga baya kuma ya cinye gaban goshi. Bayan kowane wanka ki bar kai ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali, kuma na auduga ya fi na leda shan gumi. Garin sabulun wanki da kanwa suna tsatstsage fata, lemun tsami yana ƙona inda aka sosa. Karkashi da ganyen magarya ba su da laifi wajen wanke gashi da tausasa shi, amma kada ki ɗauke su madadin magani. Idan kuma kin lura ƙaiƙayin yana tashi ne kwana ɗaya zuwa uku bayan rinin gashi ko baƙin lalle, to sinadarin PPD da ke cikinsu ne jikinki ya ƙi, kuma barinsa gaba ɗaya shi ne mafita.

Na ɗanki ya fi damuna. Zubewar gashi a zagaye, da ɗan ɓawo mai toka-toka da guntayen gashi a tsakiya, alamar makero ce, wanda yara suke ɗauka ta injin aski da mataji da hula da matashin kai. Ƙwayarsa tana shiga cikin silin gashi, inda man shafawa ba ya isa, shi ya sa ake shafe-shafe wata da watanni ba a ga ƙarshensa ba. Maganinsa na sha ne, kamar girisofulbin, wanda ake auna wa yaro gwargwadon nauyinsa a sha mako 6 zuwa 8, tare da abinci mai maiƙo kamar madara domin jiki ya fi karɓarsa. Ki kai shi gidan likita mafi kusa a duba, kada ki saya a hannun masu tallan magani, kuma kada ki tsayar da shan don kin ga gashi ya fara tsirowa. Ki nisanta shi da mayukan da ake haska fata da su, domin suna kwantar da ƙaiƙayi na ƴan kwanaki yayin da ciwon yake bazuwa. Idan wurin ya kumbura yana fitar da mugunya, kada a kwana, domin yana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba.

Ita ƙaramar a tafi da ita a duba su tare, mai yiwuwa ta ɗauka a wurin yayanta. Amma ki fara duba bayan kunnuwanta da ƙeya, idan kin ga fararen ƙwai manne da gashi waɗanda ba sa kakkaɓuwa, to ƙwarƙwata ce. Akwai maganin shafawa mai parmetirin kashi 1 cikin 100, ana maimaita shi bayan kwana 7 zuwa 10 domin ya riski waɗanda suka ƙyanƙyashe, tare da tajewa da mataji mai ƙananan haƙora. Kowane yaro ya samu matajinsa.

TAMBAYA: Likita, ni ɗan kabu-kabu ne a tashar Kasuwar Dole. Duk lokacin da na yi aski ƙwal-kwabo saboda zafi, sai ƙuraje masu ƙaiƙayi su feso mini a ƙeya, wasu har sun fara tauri. — Wani matashi, Damagaram

AMSA: Sannu da ƙoƙari, ɗan uwa. Gashinmu mai lanƙwasa ne, idan reza ta share shi har ƙasa, sai ya tsiro ya koma ya soki fata, gumi da gugar wuyan riga da bakin hula kuma su ƙara hura wurin. Ka daina askin reza a ƙeya, ka ce wa mai aski ya rage da inji ya bar ɗan tsawo, kuma ya tsabtace bakin injin a gabanka. Ka wanke kai idan ka tashi daga aiki, ka riƙa wanke hularka, kada ka matse ƙurajen. Taurin da ka ambata shi ya sa nake so ka ga likitan fata tun yanzu, domin ƙurajen ƙeya suna iya haɗewa su zama tudun tabo mai wuyar magani, alhali a wannan mataki maganin shafawa da na sha suna iya tsayar da su. Za ka iya farawa da gidan likitan unguwarku, idan akwai buƙata su tura ka babban asibitin Damagaram.