Amsa ga ɗana kan al'adar "ba a taɓa BIOS"

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni da la'asar, na bari sai bayan isha'i da na natsu, don tambayar ba ta amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce kwastoma ya kawo laftof shagonku, ka ga sanarwar kamfani cewa akwai sabuwar manhajar BIOS (wadda ke tada kwamfuta kafin Windows) da ta Management Engine ('yar kwamfutar da Intel ke ɓoyewa a cikin injin), ka kai hannu za ka danna, maigidanka ya daka maka tsawa ya ce ba a taɓa BIOS muddin kwamfuta tana aiki. Da ka nemi dalili ya ce haka ya taras ana yi. Shi ne kake tambayata ko al'adar nan tana da tushe, ko tsoro ne kawai irin na mutanen da.

Tana da tushe, kuma ni ganau ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma duk wanda ya yi gyaran kwamfuta a zamaninmu macijin nan ya sare shi.

Lokacin da na shiga sana'ar, BIOS ɗin yana zaune ne cikin aisi guda ɗaya, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, da ake cusawa a soket a jikin bod, babban allon kwamfutar, babu na biyu, babu hanyar ceto. Shi ne abu na farko da ke farkawa in ka danna makunni, shi ke duba memori da faifan ajiya kafin ya miƙa ragama ga Windows. In za a yi masa filashin, wato a sabunta shi, sai a tashi kwamfutar da faifan fulofi, manhajar ta goge abin da ke ciki sannan ta rubuta sabo. Tsakanin gogewa da gama rubutawa, kwamfutar ba ta da komai a kai. Wata rana wani mai shagon buga takardu ya sayi babban faifan ajiya, bod ɗinsa ya ƙi ganinsa, dole sai an sabunta BIOS. Ina kallon lissafin yana hawa a sikirin, ya wuce rabi, aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo na kunna, fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin, ko ƙara babu. Mutumin nan da injin yake ciyar da iyalinsa. Kwana uku ina yawo shago shago kafin in sami bod irinsa sak. Na kunna mai lafiyar, yana cikin aiki na sa bakin sukudireba da na naɗe da salatif na ɗaga aisinsa a hankali, gefe ɗaya sannan ɗaya gefen, na cusa mataccen a gurbinsa na sake rubuta shi. Hannuna na rawa, don kuskure kaɗan zai sa in yi asarar bod biyu, ɗayan ma na aro ne. Allah ya taimake ni ya tashi.

A shekarun nan ne kuma ƙwayar cutar kwamfuta mai suna CIH, wadda wani ɗalibi a Taiwan ya rubuta a 1998, ta tashi ranar 26 ga Afrilu 1999 ta goge bayanan mutane, a wasu injinan har da BIOS ɗin. Daga nan kowa ya ɗauki aisin nan tamkar ƙwai. To ka ga inda maganar maigidanka ta samo asali.

Sai dai injin da aka yi wa dokar ba shi ne ke gabanka yau ba. Yanzu wasu bod suna da aisi biyu, in ɗaya ya lalace ɗayan ya karɓa. Wasu suna da maɓalli a baya, ka sa filas ka danna ya rubuta kansa ko babu furosesa a kai. Laftof da yawa ba za su yarda su fara ba sai caja na jone kuma batir na da caji. In ma abin ya ɓaci, akwai 'yar na'urar CH341A da kilif ɗinta, ka maƙala a ƙafafu takwas na aisin ka rubuta shi daga wata kwamfutar. Abin da ya ci mini kwana uku, kai za ka gama shi kafin shayi ya huce.

Wani canjin ya fi wannan girma, kuma shi ne ya shafi Management Engine da ka tambaya. Tun wajen 2008, kusan duk bod ɗin da ke ɗauke da kayan Intel yana da wata 'yar ƙaramar kwamfuta a ɓoye a cikinsa, da nata furosesa da tata manhajar. Tana farkawa kafin babbar, kuma a wasu injinan ko ka kashe kwamfutar, muddin wuta na shiga bod, ita tana nan a farke. Windows ba ta ganin abin da take yi, manhajar kashe ƙwayoyin cuta ma haka. Daga zubin 2015 zuwa sama an gina manhajarta kan MINIX, tsarin da farfesa Andrew Tanenbaum ya faro a Amsterdam don koyar da ɗalibai. AMD ma suna da irin tasu, PSP. A injinan ofis an ɗora mata wani aiki da ake kira AMT, wanda ke ba ma'aikacin kamfani damar kunna kwamfuta da sarrafa ta daga nesa. A watan Mayun 2017 Intel ta sanar cewa akwai ɓaraka a AMT ɗin: inda aka kunna shi, mutum zai iya shiga a matsayin mai gida ba tare da ya san kalmar sirri ba. A Nuwamba na shekarar aka sake sanar da wasu ɓarakokin a cikin Management Engine kanta. Maganinsu ɗaya, sabunta manhajar. Yanzu dubi kayan da ke cika kasuwanninmu: Latitude, EliteBook, ThinkPad, 'yan gwanjo da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Su ne ainihin injinan da ake ɗora wa AMT, kuma da yawansu na zuwa da tsohuwar manhaja. Irin wannan injin zai yi ta aiki lafiya ƙalau alhali ƙofarsa ta baya a buɗe take. Dokarmu ta da ba ta san da wannan ba.

Akwai kuma inda rashin sabuntawa ke kashe kaya. A 2024 manyan furosesan Intel zubi na 13 da na 14 suka riƙa lalacewa saboda suna jan wutar da ta wuce ƙima. Gyaran ta hanyar sabunta BIOS ya zo, a watan Agusta da Satumba, kuma wanda furosesarsa ta riga ta ci wuta sabuntawar ba ta dawo masa da ita ba. Amma kada ka ɗauka gaggawa ce daidai. A Janairun 2018, bayan fallasar ɓarakokin tsaro na furosesa da ake kira Spectre da Meltdown, Intel ta fitar da gyara, wasu injinan suka fara kashe kansu suna sake tashi, har kamfanin ya ce a dakata da sa shi. Wanda ya yi haƙuri na 'yan makonni bai sha wannan wahalar ba. Nan maigidanka ya fi ka gaskiya.

Ni abin da nake yi yanzu shi ne, ba na sabuntawa sai na san dalili. Nakan buɗe bayanin da kamfani ya rubuta a ƙarƙashin fayil ɗin in karanta. In toshe ɓarakar tsaro ce, ko gyaran wata matsala da injin ke fama da ita, ko za a sa sabon furosesa da bod bai sani ba, sai in yi. In ba ko ɗaya, in bar shi. Fayil kuma daga shafin kamfanin da ya ƙera injin kaɗai, da lambar injin da ke manne a ƙarƙashinsa, domin laftof biyu kan yi kama a fuska bod ɗinsu daban. Wanda aka turo a zauren WhatsApp ba ya shiga injin mutum a hannuna sai in injin ya riga ya mutu, kuma ko a nan sai na fara kwafe abin da ke cikin aisin na adana, sau biyu, na gwada su na ga sun zo ɗaya.

A nan ne yara da yawa ke faɗawa rami. Manhajar Management Engine galibi cikin aisi ɗaya take da BIOS, kuma da zarar ta tashi a wani bod sai ta riƙe bayanan wannan bod ɗin. In ka ɗauko fayil daga wani injin ka zuba ba tare da ka tsabtace ɓangarenta ba, sai ka ga laftof ta daɗe kafin ta kawo hoto, ko fanka ta yi ta gudu babu tsayawa. A tsofaffin zubi, in ɓangaren ya lalace, injin kan mutu da kansa bayan minti 30 cif. Na ga waɗanda suka canza fanka da batir suna neman laifin da ba ya can. Ka kuma sani sau da yawa in ka sabunta manhajar Management Engine ba ta komawa tsohuwar.

Maganar wuta ba ta canza ba. Kwamfutar tebur ba na fara mata sai a kan UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai batir lafiyayye, ba kuma lokacin da janareto ke shirin shanye mai ba. In Windows ɗin na da BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan faifan ajiya, dakatar da shi tukuna, ka kuma tabbatar mai kaya yana da mabuɗinsa mai lambobi guda 48, in ba haka ba injin zai tashi ya kulle masa takardunsa. Da ka danna, ka janye hannunka. Sikirin zai yi baƙi, fanka ta yi ihu, injin ya mutu ya tashi sau biyu ko uku. Kada ka taɓa makunni, ko zuciyarka na bugawa.

Abin da na fi so ka riƙe daga tsohuwar al'adar shi ne kayan ba naka ba ne, amana ce. Mutumin ya kawo laftof don a canza masa kibod ne ko wani abu, bai ce a taɓa masa BIOS ba. Sai ka gaya masa amfanin da kuma haɗarin, in ya amince ka yi. Maigidanka kuma shi zai biya in ta mutu a shagonsa, don haka yana da haƙƙin hana ka. Kada ka yi masa gardama a gaban kwastoma. Bari sai kasuwa ta lafa ka nuna masa bayanin kamfanin cikin ladabi, ka roƙe shi ya bar ka ka gwada a wani injin shago yana tsaye a kanka.

Turo mini lambar laftof ɗin da lambar BIOS da ke kanta yanzu, in duba abin da sabuwar ta ƙunsa kafin ka je masa. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'ar albarka.