Waya na iya taimaka wa wanda zuciyarsa ta tsaya?

Ka tambaya ko da gaske akwai manhajar waya da ke kiran mutanen kusa idan zuciyar wani ta tsaya kwatsam. Akwai kuwa, ɗan'uwa.

A wani gwaji da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, da an kira lambar gaggawa ta 112, cibiyar agaji sai ta tura saƙo ga wayoyin 'yan sa kai da suka koyi danna ƙirji, waɗanda ba su wuce mita 500 daga wurin ba. Binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa inda aka tura saƙon, kashi 62 cikin ɗari sun samu mai danna musu ƙirji kafin motar asibiti ta iso. Inda ba a tura ba, kashi 48 ne. Amurka na da irin wannan manhaja mai suna PulsePoint, Ingila kuma GoodSAM.

Gaggawar ba banza ba ce, domin cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa idan jini ya daina isa gare ta.

Amma fa ni a ganina, wayar kira kawai take yi, hannunka ne mai aikin. Ka buɗe sifika kana magana da masu agaji, kana danna tsakiyar ƙirjin da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har su ƙaraso.