Kafin ki ci bashi saboda haɗin wanka

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ta rubuto mini. Tana haɗa ganyen wanka mai sauke gajiya, ƙawayenta suna yabawa, har tana tunanin cin bashin jika 100 ta sayi injin liƙe leda da kwalabe. Tambayarta: ta ci bashin, kuma nawa za ta sa kuɗin kayan?

Hajiya, kada ki ci bashin nan yanzu. Waɗanda suka yaba miki kyauta suka karɓa. Sai ranar da mace ta kwance bakin zane ta biya, ta kuma dawo karo na biyu, za ki san kina da kasuwa.

Kwalaben ma ba su dace da mu ba. Yawancinmu da bokiti muke wanka, wanda ya zuba garin ganye a bokiti kuwa zai fito da dusa a jiki. Ki sa tela ya ɗinka miki 'yan ƙananan jakunkuna na farin yadi mai shara-shara, kowace ta wanka ɗaya. A jiƙa ta a ruwan zafi kamar minti 10, a sirka, a yi wanka. Na'a-na'a, tsaure, saiwar jema, kajiji, ɓawon lemu da ɗan kanumfari sun isa. Kanumfari da citta idan sun yi yawa suna sa fata zafi, kanwa kuma ki bar ta gaba ɗaya.

Inda mata ke faɗuwa shi ne lissafi. Ɗanyen ganyen da kika sayo daga masu lambun bakin Gulbi, idan ya bushe da ƙyar kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ke saura. Saboda haka busasshen za ki yi wa kuɗi. Misali, idan ganye, yadi, ɗinki da kuɗin kabu-kabu zuwa Babbar Kasuwa sun ci jika 3, kika samu ƙulli 40, kowane ya tsaya miki dala 15. Sayarwa a dala 20 wahalar banza ce, domin ba ki sa ladan hannunki ba, ba ki sa wanda zai lalace ba. Ki fara daga dala 30, ko ƙulli 7 a jika ɗaya, na mako guda.

Ki shanya a inuwa, rana tana cinye ƙamshi. Hunturu ne lokacinki, ganye na bushewa da sauri, mutane kuma na son ruwan ɗumi. Da damina ki rage yawa, danshi kan sa kaya su yi fumfuna.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki kira shi magani. Ki ce ƙamshi ne da sauke gajiya, iyakarsa ke nan. Mai ciki, jariri, da mai ƙuraje ko rauni su dakata sai sun tambayi likita.

Ki kai ƙulli 20 wurin masu gyaran jikin amare da masu ƙunshi, ki bar musu ribarsu. Idan suka nemi ƙari wata uku a jere, kwasar adashinki ta isa sayen injin.