Tambayi Likita: Mai Duba Hoto Ma Yana Zama Farfesa?

TAMBAYA: Salam Dakta, ni ɗalibar likitanci ce aji biyar a nan Jos. Kwanaki na ga an zuƙe wa wani dattijo mugunya daga hanta da allura kawai ana kallon sikanin, ko yanka babu, tun ranar fannin ya shiga raina. Amma a gida ana ce min likitan hoto ba likita ba ne, ni kuma burina in koyar a jami'a. Akwai hanya?

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, wallahi akwai, kuma tambayar nan ta min daɗi. Abin da kika gani reshe ne na rediyoloji, wato fannin likitan hoto, inda ake yin magani da hoton, ba a karanta shi a miƙa rahoto kawai ba. A 1964 wata tsohuwa 'yar shekara 82 a Oregon ta Amurka ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, sai wani likitan hoto, Charles Dotter, ya zura siririn bututu ya buɗe jijiyar jinin da ta toshe, ƙafar ta tsira. Dabarar shiga jijiyar kuwa Seldinger ɗan Sweden ne ya fito da ita tun 1953, a soka allura, a zura waya, a cire allurar, bututu ya bi wayar, har yau da ita ake toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin mahaifa ya motse ba tare da an cire mahaifar ba. Ki tuna yawan matanmu da ke fama da wannan ciwo.

Hanyar da nisa kam. Shekara shida ta karatun likitanci, shekarar koyon aiki, bautar ƙasa, sai horon ƙwarewa a asibitin koyarwa da jarrabawar NPMCN ko WACS (kwalejojin ƙwarewar likitoci, ta Najeriya da ta Afirka ta Yamma), wadda matakin ƙarshenta sai kin rubuta kundin bincike, galibi kuma sai an ƙara horo na musamman a waje. Daga nan lakcara, babbar lakcara, a hankali har farfesa.

Amma fa jami'a rubutun da kika wallafa take ƙirgawa, ba iya hannu kaɗai ba, nan ne da yawa ke makara. Tun yanzu ki manne wa ɗakin sikanin, ki sayi littafi ki riƙa rubuta duk aikin da kika kalla da yadda mara lafiyan ya kwana, ba suna, sannan ki roƙi wani malaminki ya sa ki a bincikensa ko da tattara fayil ne.