Amsa ga ƙaninmu da ya tambaya ko imani yana canza halin da mutum yake ciki

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena na ga tambayarka tun daren jiya, kace yaƙin Sudan ya sa kun baro garin Madani kuna Gadarif, gidanku an kwashe komai har ƙofofi da wayar wuta, kana sallah kana azumin Litinin da Alhamis kana tashi cikin dare amma shiru kake ji, ga abokinka da ko Juma'a ba ya zuwa ya samu biza yana Jidda yana turo ma iyayensa riyal, to wai imanin nan yana taɓa rayuwar mutum kuwa ko dai haƙuri kawai ake bamu. Na ga wasu sun yi maka ca wai kayi istigfari. Ni dai ban ga saɓo ba, yaron da ya kwana a ajin makaranta shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata yana da damar ya tambaya.

Ka fara duba ƙasar da kake zaune. Me ya kawo Bahaushe Sudan tun farko? Bayan yaƙin Burmi a 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a suka yi gabas har suka zauna bakin Nilu kusa da Sinnar, garin har yau sunansa yake ɗauke da shi. Wasu kuma hajji ya fito da su a ƙasa, ta Chadi ta Junaina ta Fashir a yammacin Sudan, guzuri ya ƙare suka tsaya tsinkar auduga a gonakin yankin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 suna tara kuɗin jirgin ruwa daga tashar Sawakin zuwa Jidda, wasu sun tsallaka wasu nan aka binne su. Yani ni da kai inda aka haife mu, larabcin dake bakinmu, kisrar da muke ci, wato siririyar gurasar dawa, duk imanin kakanni ne ya jawo su. To kaga ba za a ce ba ya taɓa rayuwa ba.

Inda lissafinka ya karkace shi ne ka ɗauki abin kamar ciniki a kasuwa, na bada raka'a kaza a miƙo mini biza. Ba a yi mana wannan alkawarin ba. Abin da aka faɗa mana a Baƙara aya ta 155 shi ne za a jarraba mu da tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona, ka ƙirga ka gani wanne ne bai same mu ba tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Abokinka kuma ka ƙyale shi, rabonsa ne, Allah Ya ƙara masa Ya shirye shi, iyayensa ma bayin Allah ne kuma suna cin abinci da kuɗin.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona. Ni hatsi nake sayarwa a kasuwar Madani, dawa da gero da ɗan riɗi, kuma rabin cinikinmu bashi ne, mutum ya ɗauki buhu a rubuta a littafi sai ƙarshen wata. Da garin ya faɗa hannun mayaƙa a Disambar 2023 mun fito daga mu sai kayan jikinmu, sito ya tafi, littafin bashin ma ya tafi, ba ni da shaida akan kowa ko ta sisi. Muna Gadarif a gidan wani dattijo da bai taɓa ganinmu ba, a masallaci ya tsince mu ya kwashe 'ya'yansa maza daga ɗakinsu ya bamu, da nayi masa maganar haya sai ya ɓata rai yace kar in sake. Ana nan ana nan sai ga waya daga wani mai tanda da nake ba dawa, shi ma ya gudu yana Kassala yana dako, yace Alhaji akwai kuɗinka a wuyana buhu kaza da kaza, ba zan iya biya gaba ɗaya ba amma zan riƙa turowa ta manhajar banki ta Bankak kaɗan kaɗan, bana son in mutu da shi. Wallahi ni na manta yawan buhunan, da yace rabin haka ne da na yarda. Da wannan kuɗin na fara sayen dawa a mudu ina sayarwa a bakin tasha, da shi aka sayi maganin hawan jinin uwar 'ya'yana. Babu kotu babu ɗan sanda a lokacin, ba abin da ya sa mutumin nan ya ɗaga waya sai tsoron tsayuwa gaban Allah. Ina ta addu'a a buɗe mini ƙofa, da ta tashi buɗewa ta hannun imanin wani talaka ta buɗe, wanda ya fi ni shiga wahala ma.

Kuma kar kace ina gyara labari, akwai waɗanda nake bi fiye da nasa, masu tabon sallah a goshi, har yau wayarsu a kashe. Akwai kuma malamin da ya koya ma 'ya'yana allo, mutumin da ban san wanda ya kai shi tsantseni ba, kwalara ta ɗauke shi a daminar 2024 ya bar marayu ƙanana. Allah Ya jiƙansa. Nasa sakamakon yana can, mu ba mu isa mu auna shi da abin duniya ba.

Sannan ka duba takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, inda kuke karɓo miyar adas da dafaffen hatsi na baliila. Matan da suke tsaye kan wuta tun asuba ba albashi ake basu ba, kuɗin kuma yawanci 'yan'uwanmu ne na Saudiyya da sauran ƙasashe suke haɗawa, direbobi da masu gadi da masu aikin gida, mutum ya rage cikinsa ya turo saboda yana neman lada. Watakila ma riyal ɗin abokin naka yana cikin tukunyar. Ka cire imani daga zukatan mutanen nan ka gani mutum nawa za su kwana da yunwa a garin.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne abin da imani yake hana ka. Kowa ya san kasuwannin da aka riƙa baza kayan gidajen mutane, firji da injin wanki da gadaje a kuɗin banza. Na san waɗanda suka shiga saye da sayarwa suka yi kuɗi cikin 'yan watanni, na san waɗanda yunwa na cinsu suka ce a'a. Da aka fara komawa Madani bayan Janairun 2025 sai ga shi kowa ya san kowa, na farkon ba mai basu bashin ko kwalin ashana, wasu ma ba su iya shiga unguwa ba, na biyun kuwa su ake kira a damƙa musu mabuɗin shago.

Abin da nake ji maka tsoro ƙanena shi ne zama. Na ga samari da yawa a makarantun nan sun kwanta da waya a hannu suna jiran biza suna cewa sun dogara ga Allah. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, Abu Ubaida yace gudun ƙaddarar Allah za ka yi? yace eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Fitowarku daga Madani haka ne, fita neman na cefane gobe da safe ma haka ne. Kar ka rage komai a sallarka da tashin darenka, su ne suke riƙe zuciya kar ta karye, na ga manyan mutane da suka rasa dukiya suka bi ta da hankalinsu. Amma in ka sallame asuba ka fita. Kuma dan Allah kar ka bari a sayar da 'yan kunnen mahaifiyarka a ba dillalin biza da ba ku san gidansu ba, balle masu tsallakar da mutane teku a kwale-kwale cikin dare.

Yankan riɗi ya kusa, kuma riɗi in ya nuna ba ya jira sai ya zube, saboda haka manoma suna neman hannu ido rufe kuma suna biya. Aiki ne mai cin baya amma kuɗinsa zai kama muku ɗaki ku bar ajin nan. Kafin lokacin takiyyar unguwarmu tana neman samari masu ɗebo ruwa da faskaren itace. Ka turo mini saƙo ta gefe in haɗa ka da dattijon da ya sauke mu, yana da gona kuma ba ya cin haƙƙin lebura. Ka gaida Hajiya, kace mata muna yi mata sannu.