Zan iya kafa kwantena da samfurin da ba na Proxmox ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofishin hidimar masu Umara a Jidda. Muna da sabar guda mai Proxmox, manhajar da ke raba sabar ɗaya zuwa kwamfutocin kwaikwayo da kwantenoni. Wani abokina ya turo mini fayil, ya ce an riga an haɗa komai a ciki, in kafa kwantena da shi kawai. Ya halatta a yi da samfurin waje, ko dole sai wanda ke jerin Proxmox?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana yi, Proxmox bai hana ba. Amma kafin ka taɓa fayil ɗin, duba ƙarshen sunansa. In ISO ne, ba na kwantena ba ne, na cikakkiyar kwamfutar kwaikwayo ne wadda KVM, injin kwaikwayon da ke cikin Linux, ke tafiyarwa. Samfurin LXC, wato fasahar kwantena da Proxmox ke amfani da ita, dunƙulallen kundi ne mai ƙarewa da tar.gz, tar.xz ko tar.zst, kuma Linux kaɗai yake ɗauka. Windows ba ya shiga kwantena ko kusa.

Dalili kuwa, kwantena ba ta da kanel nata, wato zuciyar manhajar. Na sabar take ara. Kamar gidan haya ne: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma tankin ruwa ɗaya ne, wanda ya gurɓata shi ya gurɓata wa kowa. Shi ya sa tambayar da ta fi damuna ita ce wa ya haɗa fayil ɗin, kuma me ya cusa a ciki. Abokinka na iya zama mutumin kirki, amma shi ma daga ina ya samo? Ofis irin naku yana riƙe da hotunan fasfo da lambobin wayar alhazai, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya da ta fara aiki a Satumban 2023. Ni dai ba zan ɗora irin wannan amana a kan fayil ɗin da ya zo ta WhatsApp ba.

Fara da na gida tukuna. Buga pveam update, sannan pveam available, za ka ga Debian, Ubuntu, Alpine, Rocky da tarin samfuran TurnKey waɗanda aka riga aka girka wa abubuwa irin su WordPress da Nextcloud. Sau da yawa abin da mutum ke yawon nema yana nan. In babu, sai ka nufi ma'ajiyar masu LXC ɗin kansu, images.linuxcontainers.org, ka sauke rootfs.tar.xz na wanda kake so, ka gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar tantance cewa ba a taɓa fayil ɗin ba, da wadda suka wallafa, ka ajiye a /var/lib/vz/template/cache. Ka sake masa suna mai ma'ana, don duk sunansu ɗaya ne, bayan wata biyu ba za ka tuna wanne ne wanne ba.

Wajen kafawa, bar alamar unprivileged, wato kwantena marar gata, a kunne, kada ka cire wannan alamar don wani abu ya ƙi aiki. A haka root, wato babban asusun cikin kwantena, asusu mai lamba 100000 ne kawai a wajen sabar, ba shi da ikon root a kan sabar ko da ya ɓalle. Sababbin nau'o'in Linux masu systemd, manhajar da ke tayar da ayyukansu, kan so a kunna musu zaɓin nesting a saitin kwantenar.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne hanyar sadarwa. Proxmox yana leƙa cikin samfurin ya gane irinsa, sannan ya rubuta masa adireshin IP da suna. In bai gane shi ba, kamar OpenWrt, Linux ɗin na'urorin router, sai ka yi amfani da pct create tare da --ostype unmanaged, ka saita komai da hannunka ta pct enter. Tsofaffi kuma suna da tasu matsalar: tun Proxmox 7 na 2021 aka koma cgroup v2, sabon tsarin raba ƙarfin sabar ga kwantenoni, don haka CentOS 7 ba ya tashi daidai, ga shi an daina yi masa gyaran tsaro tun ƙarshen Yunin 2024.

In kuma dole sai fayil ɗin abokin naka, kafa kwamfutar kwaikwayo daban, wadda ba ta haɗe da inda bayanan alhazai suke, ka buɗe shi a can. Duba asusun da ke /etc/passwd, makullan shiga daga nesa da aka bari a authorized_keys, da ayyukan cron masu tashi da kansu a kan lokaci. Ka ga makullin da ba naka ba, goge fayil ɗin gaba ɗaya.