Tambaya da Amsa: Kwas ɗin Turanci na Ajin Farko da Inda Maki ke Zubewa

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo sun fi karkata ga kwas ɗin rubutu da sadarwa cikin Turanci, wanda ake ɗora wa kowane sabon ɗalibi a jami'a. Mun zaɓi biyar daga ciki, malaman da ke koyar da kwas ɗin ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malamai. Na samu gurbin karatun injiniya, kuma ina da kiredit a Turanci a WAEC. Sai ga GST 111 cikin kwasa-kwasan da aka ce dole in yi. Me zan koya a ciki, kuma in na faɗi shi me zai rage ni da shi tunda ba na sashenmu ba ne? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, raina kama ka ga gayya. Wannan kwas yana cikin sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, wadda ake kira CCMAS. Yunit 2 ne, kuma na dole ne ga kowa, likita ne za ka zama ko lauya ko injiniya. Sunan kan bambanta daga makaranta zuwa makaranta: a Jami'ar Bayero an saba kiran irin waɗannan kwasa-kwasai GSP, a Jami'ar Ahmadu Bello kuwa GENS. Abin da ke ciki ya haɗa da furucin Turanci, nahawu, ginin jimla, dabarun karatu da taƙaita bayani, hanyoyin kafa hujja, haƙƙin mallakar rubutu, sannan rubutun kansa: insha'i, wasiƙa, rahoto da takardar neman aiki. Manhajar ta ware masa awa 15 na lakca da awa 45 na aiki a aikace, wato an gina shi ne a kan ɗalibi ya yi ta rubutu, ba ya zauna ya saurara kawai ba.

Batun faɗuwa kuwa lissafi ne, kuma kai ɗan injiniya ne. A ma'aunin maki 5, daga 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B ce mai 4, 50 zuwa 59 C ce mai 3, 45 zuwa 49 D ce mai 2, 40 zuwa 44 E ce mai 1, ƙasa da 40 kuma F, babu komai. A ce ka yi rajistar yunit 18 a zangon farko, 16 na sashenku suka ba ka jimillar maki 60. In ka ci B a Turanci, ka ƙara 8, wato maki 4 sau yunit 2, ka raba 68 da 18, ka tashi da 3.78. In ka faɗi, 60 ɗin nan za a raba da 18, ka dawo 3.33. Ka ga kwas ɗaya ya fitar da kai daga sahun 3.50, wanda shi ne mafarin digiri mai daraja ta biyu babba. Ga shi kuma baɗi sai ka sake rajistarsa, ya cinye maka gurbin yunit 2, wataƙila ma lokacin lakcarsa ya ci karo da na kwas ɗin aji biyu. A galibin jami'o'i F ɗin nan ba ta goguwa daga lissafin CGPA, wato matsakaicin makin duk zangunan da ka yi, ko bayan ka sake ka ci. Kuma ba a yaye ɗalibi da kwas na dole a wuyansa.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. Mu kusan dubu ne a zauren lakca, in ba ka yi sammako ba ko muryar malami ba ka ji. Na daina zuwa, ina karanta littafin a ɗaki. Yanzu an ce wai wanda bai cika kashi 75 na halartar lakca ba ba zai zauna jarrabawa ba. Da gaske ne ko barazana ce? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, doka ce a rubuce, duba littafin dokokin ɗalibai da aka ba ku lokacin rajista za ki same ta. Gaskiya ne ba kowane malami ke tsaurara ta a babban aji ba, amma ranar da aka ga damar aiki da ita ba ki da bakin magana. Lissafinta: in an yi zama 12, sai kin halarci 9. In 15 ne, sai 12. Da takardar sa hannu ake ƙirgawa, don haka ko a bakin ƙofa kika tsaya, ki tabbata takardar ta iso gare ki. Kada ki sa wata ta sa miki hannu. In aka gane, laifin ya tashi daga fashin aji ya koma na jabu, kuma ku biyu zai shafa.

Abin da ya fi dokar cutar da mai fashi shi ne makin cikin zango. A yawancin jami'o'i jarrabawa 70 ce, tes da jinga 30, wasu kuma 60 da 40. A babban aji malamai kan yi tes na ba-zata a minti goman ƙarshe, daidai domin su san wa ke zuwa. Wadda ta rasa 30 ɗin nan gaba ɗaya sai ta ci 40 cikin 70 kafin ta tsira da E, kuma C za ta nemi 50 cikin 70.

In rashin lafiya ce ta hana ki tes, ki nemi takardar asibitin makaranta. In a waje aka duba ki, ki kai takardar asibitin makarantar su tabbatar da ita. Sai ki rubuta wasiƙa zuwa ga mai kula da kwas ɗin ta hannun kodinetan ajinku, ki ajiye kwafi. Ki yi wannan cikin makon, kada ki bari sai sakamako ya fito. Ranar jarrabawa kuma ki duba lambar rajistarki sau biyu a kan takardar amsa, ki sa hannu lokacin shiga da lokacin fita. Yawancin kukan "ba a ga sakamakona ba" daga lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba yake farawa.

Tambaya: An ba mu jinga, insha'i mai kalma 500. Na cika shafi uku da manyan kalmomi, amma malami ya ba ni 4 cikin 10, ya rubuta cewa ba ni da matsaya kuma ba ni da sakin layi. Me ake nema ne a zahiri? Daga wani ɗalibi a Azare.

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da muka fi so a yi mana. Mai duba insha'i abu huɗu yake bi: me ka ce, yaya ka tsara shi, da wace irin Turanci, sannan ƙa'idojin rubutu. Manyan kalmomi ba sa cikin lissafin. Sau da yawa ma su ke tona asiri, domin kalmar da aka ɗauko daga ƙamus ba tare da an san mazauninta ba a fili take tsayawa.

Matsaya ita ce jimla ɗaya da wani zai iya musanta ta. A ce batun shi ne ƙarancin ruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai. In ka buɗe da cewa ruwa shi ne rayuwa kuma kowane mai rai yana buƙatarsa, ba ka ce komai ba, don babu mai ja da kai. Amma in ka ce matsalar ba rashin rijiyar burtsatse ba ce, rashin wutar da za ta tura ruwa zuwa tanki ne, saboda haka famfo mai aiki da hasken rana ya fi haƙa sabuwar rijiya amfani, to ka ɗauki matsaya. Yanzu mai karatu zai jira hujja, kai kuma ka san aikin da ke gabanka. Ka rubuta jimlar nan a ƙarshen gabatarwa.

Kafin ka fara, raba kalmomin a gefen takarda: gabatarwa 70, sakin layi uku na tsakiya 120 kowanne, kammalawa 70. Jimilla 500 ke nan. Kowane sakin layi na tsakiya magana ɗaya zai ɗauka. Jimlar farko ta faɗi maganar, biyu ko uku su kawo hujja ko misali, ta ƙarshe ta nuna yadda hakan ya ƙarfafa matsayarka. A misalinmu, na farko ya nuna cewa rijiyoyin suna nan kuma suna da ruwa, na biyu ya nuna cewa ranakun da babu wuta su ne ranakun da famfo ke ƙafewa, na uku ya kawo abin da mai musu zai ce, wato tsadar kayan hasken rana, ya amsa shi. Wannan na ukun ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ke raba mai 5 da mai 8. Ga gwaji mai sauƙi: karanta jimlolin farko na sakin layinka su kaɗai a jere. In sun ba da ma'ana, tsarin ya yi. In ba su ba da ba, ka sake.

Wuce adadin kalma ba ƙwazo ba ne. An ce 500, shafi uku na iya wuce haka, kuma bin umarni yana cikin abin da ake aunawa.

Sai kurakuran da Bahaushe ya fi faɗawa, saboda harshensa na aiki a ƙarƙashin Turancinsa. Muna cewa "Babana ya tafi", sai a rubuta "My father he went", alhali Turanci ba ya maimaita wakilin suna a nan. Ana jam'inta abin da ba ya ƙirguwa, a rubuta "informations" da "equipments" da "advices". Ana musanya p da f a rubutu kamar yadda ake yi a baki. Ana barin "a" da "the" inda ake buƙatarsu. Mafi yawa kuma, a jera jimla biyar da waƙafi babu aya, har mai dubawa ya rasa inda zai numfasa. Maganinsu ɗaya ne: gama rubutun kwana ɗaya kafin ranar miƙawa, ka bar shi ya kwana, washegari ka karanta da ƙarfi. Inda numfashinka ya yanke, aya ce ta ɓace. Gajerun kalmomin saƙon waya irin su "u" da "bcos" kuwa, wasu malaman da sun gani suke rage maki ba tare da sun ƙarasa layin ba.

A zauren jarrabawa, in an ba ka minti 40, ba wa tsarawa 5, rubutu 28, dubawa 7. Jami'o'i da dama yanzu da kwamfuta suke yin jarrabawar wannan kwas, tambaya da zaɓin amsa, saboda yawan ɗalibai. Inda haka take, jingar nan ita ce kaɗai wurin da wani zai karanta rubutunka ya gyara maka. Je ka karɓi takardarka ka ga jan biron.

Tambaya: Mu huɗu malami ya ba sifili, wai mun yi satar fasaha. Ni daga intanet na ɗauko bayani na sauya wasu kalmomi, sauran kuma nawa suka kwafa. Ina laifina? Kuma ya halatta in yi amfani da ChatGPT? Daga wata ɗaliba a Kontagora.

Amsa: Malama, laifi biyu ne. Sauya kalma nan da can alhali ginin jimlar da tunanin na wani ne, ba tare da ambaton mai shi ba, satar fasaha ce. Ba da aikinki a kwafa kuma a dokar jami'a daidai yake da kwafar, shi ya sa ba a tambayar wa ya fara.

Hanyar da ta dace: karanta bayanin har ki gane, rufe shi, rubuta da kalmominki, sannan ki buɗe ki gwada ko kin kauce wa ma'ana. Ko bayan haka sai kin ambaci mai shi, domin tunanin nasa ne. In kalmominsa kika ɗauko kai tsaye, sa su cikin alamar zance. A tsarin ambaton marubuta da ake kira APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, ana sa sunan ƙarshe na marubuci da shekara a cikin rubutu, a ƙara lambar shafi in an ɗauko magana kai tsaye, sannan cikakken bayani ya zo a manazarta. Sassan harsuna da adabi wasu sun fi son wani tsarin, MLA. Tambayi malaminki wanda yake so, ki tsaya a kansa daga farko har ƙarshe.

Inda ake amfani da Turnitin, manhajar kwamfuta mai gano kwafe, adadin da yake nunawa na kamanceceniya ne kawai, malami ne ke yanke hukunci, kuma kowace makaranta da iyakar da ta sa. Game da ChatGPT, abin da malaminki ya faɗa shi ne doka. In bai ce komai ba, ki tambaya kafin ki taɓa. Ki sani kuma yakan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su, kuma manazarta ta bogi ko ɗaya ce ta isa ta rusa aikin duka. Ki riƙa ajiye tsarin da kika zana da rubutunki na farko, su ne shaidarki in an tuhume ki.

Tambaya: Ɗana ya samu tallafin karatu a Amurka, ya ce akwai irin wannan kwas a can ma. Ɗaya ne da namu? Daga wani uba a Damaturu.

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka. Manufar ɗaya ce, tafiyar ce ta bambanta. A can yawanci kiredit 3 ne, wato abin da muke kira yunit, ajin ƙarami ne, kuma kusan duk makin daga insha'o'in cikin zango yake fitowa. Kowane insha'i ana rubuta shi, abokan aji su duba, malami ya yi sharhi, a sake rubutawa, kuma kowane mataki da ranar miƙa shi. Ranar farko malami zai ba da takardar tsarin kwas, mai ɗauke da adadin fashin da aka yarda da shi da makin da ake cirewa in aiki ya makara. A gaya masa ya karanta ta layi-layi, domin da ita za a yi masa hukunci. Ma'aunin ma daban ne: A galibi daga 90 take farawa, 70 ɗin da ke A a nan C ce a can, kuma makarantu da yawa sai da C ake wucewa zuwa kwas na gaba. Akwai cibiyar taimakon rubutu a harabar makaranta, kyauta, da awannin da malami ke zama a ofis don ɗalibai, ya yi amfani da su tun makon farko. In kwas ɗin ya yi masa nauyi, kada ya ajiye shi sai ya ga ofishin ɗaliban ƙasashen waje, domin mai bizar ɗalibai ta F-1 a matakin digirin farko dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a kowane zango.